Basfar Baba da Ta Shekara Talatin a Zaure

A zauren gidanmu akwai wata Vespa 150 Super, wadda mu muke ce wa Basfa, jingine da bango tun 1994. Bara 'yan gwangwan suka zo suka yi mata kuɗi da kilo, 'yan uwana har sun fara sallamawa. Ni na ce a dakata.

Wannan babur ɗan bayan yaƙi ne. Kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya jiragen sama yake ƙerawa, sai aka yi wa masana'antarsa ta Pontedera ruwan bamabamai a Yaƙin Duniya na Biyu. Da ƙura ta lafa, Enrico Piaggio ya nemi abin hawa mai araha, ya ɗora aikin a kan Corradino D'Ascanio, injiniyan jirgin sama wanda ba ya son babur saboda datti. Shi ya sa ya manna inji a gefen tayar baya, ya kawar da sarƙa, ya mayar da giya hannun hagu, ya sa garkuwa ta tare ƙafafu. A 1946 ta fito da inji mai cc 98. Sunan kuwa da Italiyanci zanzaro yake nufi.

Bature bai yi ta don mai babbar riga ba, amma kamar an auna. Ka zauna ƙafafunka a haɗe, riga ba ta taɓa mai. Da aka biya ma'aikata ariyas ɗin Udoji a 1975, malaman makaranta da akawuna suka yi ta saye, Baba yana cikinsu.

To, abin da na koya wurin bakanike dattijo da na samu shi ne, irin wannan inji mai bugu biyu zama ne ke kashe shi, ba tafiya ba. Ba shi da kaskon baƙin mai irin na mota. A cikin fetur ake haɗa masa mai, kashi 2 cikin 100, wato mililita 20 a kowace lita, wannan haɗin ne ke ratsa ƙasan inji ya jiƙa boris da fistin kafin ya ƙone ya fita da shuɗin hayaƙi. Ranar da aka daina tayarwa, ranar ƙarfe ya fara bushewa, raɓa ta shiga, tsatsa ta kama.

Na kai ƙafa zan buga kik, dattijon ya daka mini tsawa. Ya cire fulogi, ya zuba mai ta ramin, ya ce sai bayan kwana huɗu. Tsohon fetur ya zama danƙo a tanki da kafireto, wannan wanki ne kawai. Babban aiki shi ne robobin da ke toshe gefe biyu na karanshaf. In sun bushe, inji zai riƙa jan iska ta ɓarauniyar hanya, ya yi zafi, fistin ya kame ana tsakiyar gudu. Dole a raba inji biyu a canza su. Sannan ya kifa ta ya duba ƙarƙashin mataka, don Basfa jikinta shi ne ƙashinta, in ya ruɓe magana ta ƙare. Tamu harmatan da rufin zaure sun taimake ta.

Kayan gyara kuwa yawancinsu na Indiya muka samu, kuma tarihi ne ya jawo haka. Bajaj ya ƙera Vespa da izinin Piaggio daga 1960 zuwa 1971, sannan ya ci gaba da tasa Chetak a kan wannan fasali, daga baya LML ma ya yi irin PX a Kanpur. Ba duka ke shiga daidai ba, sai an gwada da tsohon.

Wata uku muka yi. Fenti dai na hana a taɓa, har lotsawar da Baba ya yi mata a hanyar makaranta tana nan. Ranar da ta tashi, a bugu na bakwai, hayaƙi ya cika zaure, Inna ta leƙo daga cikin gida da carbi a hannu tana tambayar wa ya shigo.