Jirgin da ya tashi daga Kano bai kai Ikeja ba



Mu Sakkwatawa, da an ambaci haɗarin jirgin sama, ranar Lahadi 29 ga Oktoba 2006 ce ke fara faɗo mana a rai, ranar da jirgin ADC ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja, muka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da mutane da dama. Manyanmu kuma ba su manta da jirgin alhazai da ya ƙone a Jidda ranar 11 ga Yuli 1991 yana shirin zuwa Sakkwato ba, rayuka 261 suka salwanta. Amma akwai wani haɗari da ya girme su duka, wanda da wuya mu ji shi a bakin sa'o'inmu.

Ranar Alhamis ce, 20 ga Nuwamba 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, Janar Gowon na kan mulki. Jirgin Nigeria Airways ƙirar VC10 ya taso daga Landan, ya yada zango a Rum, ya ƙetaro Sahara da dare ya sauka Kano, sannan ya kama hanyar Legas da safe ɗauke da mutum 87, fasinja 76 da ma'aikata 11. Bai cika wata biyu da sayowa daga kamfanin BOAC na Ingila ba. Da ya tunkari filin jirgi na Ikeja ya sauke tayoyinsa, komai na tafiya kamar yadda aka saba, sai ya daki bishiyoyi saura kusan kilomita 13 ya kai titin sauka. Ya kama wuta, ba wanda ya tsira. A ranar kuwa 'yan sama jannatin Amurka na Apollo 12 suna kan duniyar wata.

Kun san halinmu da jita-jita, balle lokacin yaƙi. An tsinci bindigogi uku a cikin tarkacen, nan take labari ya bazu cewa faɗa ne ya kaure tsakanin wani fursuna da masu gadinsa. Da aka kai bindigogin wurin masani, sai ya tabbatar babu wadda aka harba a kwanakin. Mu faɗi gaskiya, da mu aka ba alƙalami, labarin fursunan za mu ɗauka, don ya fi daɗin rubutawa.

Abin da masu bincike suka hango ya fi wannan ban tsoro. Na'urar naɗar bayanan jirgin ba ta aiki, saboda haka ba su yanke hukunci kai tsaye ba. Abin da suka fi rinjayarwa shi ne matuƙan ba su ankara da ainihin tsayin da suke ba, suka yi ta gangarowa har suka wuce iyakar da aka yarda a sauko alhali ba sa ganin ƙasa. Suka kuma ambaci gajiya cikin abubuwan da ƙila suka taimaka.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya. Matuƙin da ba ya ganin ƙasa ba shi da ido sai agogon da ke gabansa mai nuna tsayi. Jikinsa ba zai gaya masa komai ba, domin jirgin da ke gangarowa a hankali bai da bambanci da wanda ke tafiya a miƙe. Shi kuwa mai gajiya ba lallai ne ya yi barci ba. Idonsa na kan agogon, amma lambar ba ta shiga kansa. Duk wanda ya taɓa raba dare yana gyaran rubutu, ya karanta layi ɗaya sau uku bai ga kuskuren da ke ciki ba, ya san abin da muke nufi. Mu dai da safe sai mu gyara.

Bayan shekara uku irin haka ta faru a Amurka. Daren 29 ga Disamba 1972, jirgin Eastern Air Lines na shirin sauka Miyami, sai ƙwan fitilar da ke nuna tayar gaba ta sauka ya ƙi kamawa. Matuƙan suka duƙufa a kansa, ba wanda ya lura na'urar da ke riƙe tsayin jirgin ta saki. Ya gangara cikin fadama, mutum 101 suka mutu. Tayar kuwa lafiyarta ƙalau, ƙwan ne ya ƙone. Wannan karon murya ta naɗu, duniya ta ji yadda hankalin ƙwararru ke tafiya kan ƙaramin abu.

Daga irin waɗannan aka samu gyara. A 1974 hukumar jiragen Amurka ta wajabta na'urar da ke yi wa matuƙi ihu idan ƙasa ta matso, a 1981 kuma ta hana hira da duk wani aikin da bai shafi tuƙi ba lokacin tashi da sauka, a ƙasa da ƙafa 10,000.

A gida kuwa, ranar 28 ga Nuwamba 1983 wani jirgin Nigeria Airways ƙirar F28 da ya taso daga Legas ya gangaro ƙasa da ƙa'ida cikin rashin gani sosai, ya faɗi kafin ya kai titin saukar Inugu. Cikin mutum 72, 53 suka rasu, shekara 14 da kwana 8 bayan na Ikeja.