Tsohon gida da ƴan yara: abin da munka gada da abin da munka sake

Ƴan'uwa na gida da na wurin biɗa, tunda duk wanda ya samu abin hannu gyaran gidan ubansa yake fara tunani, ya kamata mu tuna yadda gidan nan ya taso.

Kakanninmu ƙofa guda suke yi ma gida, ta zaure. Yaro ba ya fita sai ya ratsa gaban dattijo. Ɗakunan mata duk suna kallon tsakar gida, mai daka tana ganin mai rarrafe. Bangon ƙasa mai kauri da rufin azarar giginya suna riƙe sanyi har cikin bazara. Amma kada mu yabe shi fiye da kima: murhu yana ƙasa inda yara ke wasa, rijiya ba murfi, tumaki suna kwana bakin ɗaki.

An fara yin siminti a Malbaza cikin shekarun 1960, amma bai shigo ƙauyukanmu sosai ba sai bayan farin 1973 da na 1984, lokacin da samari sunka yawaita tafiya Abijan, Kwatanu da Legas. Giginya ta yi tsada, kuɗin biɗa sunka sayo kwano. Kwano ya hutar da mu gyaran rufi kowace shekara, gaskiya ne. To amma wa zai kwantar da jinjiri ƙarƙashinsa da azahar a watan Afrilu? Abin da ya fi muni shi ne shafen siminti bisa bangon ƙasa. Ba ya kama ƙasar, ruwa ya shiga ta bayansa, bango ya ruɓe ciki alhali waje yana ƙyalli.

Ba wai maginan ƙasa sun ƙare ba. Falke Barmu ya fara masallacin Yama a 1962, kuma a 1986 aikin ya samu kyautar Aga Khan. A Cikal, wajen Filinge, an soma koyar da ginin tubali mai rufin baka, wanda ba ya bukatar icce, tun 1980. Mu ne munka ɗauki ƙasa kayan talaka.

Daminar 2024 ta nuna mana sauran. Gidaje da yawa sun faɗi a Maraɗi, a Damagaram kuma tsohon masallacin Birni ya rushe a watan Satumba. In bango ya faɗi da dare, babba yana iya tsere masa, yaro mai barci ba ya iyawa.

Shi ya sa muke roƙon masu aiko kuɗi su bar fenti da ƙofar ƙarfe sai daga baya. A fara da tushen bango da indararo, a yi yaɓe kafin ruwan farko. Sannan a sa ma rijiya da ramin salga murfi, a ɗaga murhu, a raba garke da wurin wasa, a sa ma taga raga saboda sauro. Dogon yaron tsakar gida kuwa, ko magini ya ce yana tare masa wuri, a bar shi tsaye.