Waiwaye: Hatsarin Jirgin Sosoliso da Fitilun Filin Jirgin Fatakwal

A waiwayenmu na wannan makon za mu koma ranar Asabar, 10 ga Disamba, 2005, ranar da mu mazauna Fatakwal ba za mu manta da ita ba.

A ranar ce jirgin kamfanin Sosoliso ƙirar DC-9 ya taso daga Abuja da mutum 110. Da misalin ƙarfe biyu na rana ya iso filin jirgin Omagwa, ya tarar da hadari ya haɗu, ga ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga iska mai juyawa. Jirgin ya kauce wa titin sauka, ya bugi wata kwalbatin siminti, ya tarwatse ya kama da wuta. Mutum 108 suka rasu, biyu kacal suka tsira. Cikin mamatan akwai ɗalibai 60 na makarantar Loyola Jesuit ta Abuja, waɗanda ke komawa gida hutu, iyayen wasunsu na tsaye a filin suna jiransu.

Rahoton masu bincike ya ɗora babban dalilin a kan matuƙa, domin sun ci gaba da sauka alhali ba su hango titin ba, kuma sun makara wajen sake tashi sama. Amma rahoton ya ambaci wani abu: fitilun titin saukar a kashe suke. A wancan lokaci akan kunna su ne da dare, ko idan an nema, saboda wutar NEPA ba ta da tabbas, kuma barin su a kunne dare da rana yana cin kuɗi.

A gidajenmu da shagunanmu, in an ɗauke wuta sai mu laluba tocila mu je mu tada janareta, ko minti goma aka yi babu asara. A filin jirgi da daƙiƙa ake lissafi. Jirgin da ke gab da sauka yana gudun sama da kilomita 200 a awa, ba shi da wurin tsayawa ya jira. Shi ya sa hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta gindaya cewa a titin da ake sauka da taimakon na'ura, dole wutar ajiya ta karɓi aiki cikin daƙiƙa 15. Inda ake sauka cikin hazo mai kauri kuwa, daƙiƙa ɗaya aka bai wa muhimman fitilu. Tun da janareta yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya kama, sai a haɗa shi da manyan batura da ke riƙe wutar a tsakani.

A watan Agustan 2006 aka rufe filin na Omagwa domin gyara, ba a sake buɗe shi ba sai Disambar 2007.

Da yawanmu ta wannan filin muke bi zuwa Abuja ko gida Arewa, wasunmu kuma 'ya'yansu na karatu nesa. Don haka idan muka ji labarin ɗaukewar wuta a wani filin jirgi, kada tunaninmu ya tsaya a kan zafi da duhun ɗakin jira. Mu tambayi wakilanmu: fitilun titi fa? Akwai man janareta? Yaushe rabon da a gwada shi?

Allah Ya bai wa iyalan waɗanda suka rasu haƙuri, Ya tsare mu a tafiye-tafiyenmu, amin.

Sakataren Ƙungiya