Daga Kabad ɗin Faifai Zuwa Hayar Manhaja

Kafin 1969 ba a san wani aiki wai shi kula da lasisin manhaja ba. Kamfanin da ya sayar maka da kwamfuta shi ke ba ka manhajar da za ta yi aiki a cikinta, kuɗi ɗaya. A shekarar ne IBM ya raba farashin na'ura da na manhaja, daga nan manhaja ta zama haja mai zaman kanta, da sharuɗɗanta da takardunta. Mu da muka shiga wannan sana'a a ofisoshin Najeriya wajen ƙarshen shekarun 1990, gadon wannan rabuwa muka tarar.

A lokacin manhaja abu ce da ake riƙewa a hannu. Office 97 yakan zo a kwali, da faifai da ɗan littafi da lambar shigarwa. Wasu manhajojin zane masu tsada har da ɗan makulli da ake soka wa a bayan kwamfuta, in ya ɓata aiki ya tsaya cik. Duk waɗannan muna kulle su a kabad, muna rubuta kowanne a littafin kaya kamar yadda ake rubuta tebur da fanka. Gaskiyar magana kuma, ofisoshi da yawa a ƙasar nan kwafi ɗaya suke saye su zuba a kwamfuta ashirin, wasu ma faifan kasuwa suke ɗauka. Babu mai tambaya, sai bankuna da manyan kamfanonin da ke da hulɗa da waje, su ne ke tsoron bincike daga masu manhaja ko daga ƙungiyarsu ta BSA da aka kafa a 1988.

Abin da ya fara tsuke mana hanya shi ne zuwan Windows XP da Office XP a 2001, waɗanda sai an tabbatar da lambarsu ta intanet ko ta waya kafin su ci gaba da aiki. A wannan tsakanin Microsoft ya fito da tsarin Software Assurance, inda ƙungiya ke biyan kuɗi kowace shekara domin samun sabon fitowa. Yau in na waiwaya, a nan haya ta fara leƙowa, ko da yake lasisin da ka saya naka ne har abada. Aikin kula da lasisi ya yi nauyi har hukumar ISO ta fitar masa da ma'auni a 2006.

Can a Amurka kuwa an riga an yi nisa. Salesforce, wanda Marc Benioff da abokansa suka kafa a 1999, ya gina kasuwarsa a kan cewa ba sai ka shigar da komai a kwamfutarka ba: ka buɗe intanet, ka biya kuɗin kowane ma'aikaci, ka yi aiki. Google ya kawo nasa na ofisoshi a 2006. Mu a nan labari kawai muke ji, domin intanet ɗin tauraron ɗan'adam da muke amfani da shi ga tsada ga nawa. Sai da wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas a 2010 sannan maganar ta fara shiga hankali. Office 365 ya fito a 2011. A 2013 Adobe ya sanar da cewa ya daina fitar da sabon Photoshop da danginsa na sayen dindindin, sai biya wata-wata ko shekara-shekara. Masu aikin ɗab'i da zane sun yi ƙorafi sosai, amma sauran kamfanoni sun ga riba, suka bi sahu.

Ba zan ƙi faɗin alherin wannan sauyi ba. Ofishin da a da yake ajiye na'urar imel ɗinsa a wani ɗaki mai zafi, yana fama da janareta da ɓeraye, ya huta. Ƙaramar ƙungiya mai mutum goma ta samu irin kayan aikin da banki ke da shi. Sai dai mun tashi daga masu gida mun koma 'yan haya, kuma ɗan haya ba ya barci da ido biyu a rufe saboda ranar biya. Ranar da kuɗi suka yanke, wasiƙun shekara goma da takardun ofis na iya shiga kulle.

A nan ne aikinmu ya canza kama gaba ɗaya, kuma wannan ne abin da shugabanni da yawa har yau ba su gane ba. A da kwamfutoci muke ƙirgawa, su kuwa ba sa tafiya ko'ina. Yanzu mutane muke ƙirgawa. Ma'aikaci ya yi ritaya, ɗan bautar ƙasa ya gama shekararsa, an yi wa wani canjin wurin aiki, amma lasisinsa na nan yana cin dala duk wata, saboda sashen kula da ma'aikata bai gaya wa sashen kwamfuta ba. Na sha zama da jerin albashi a hannu ɗaya da jerin masu lasisi a ɗaya hannun, kuma ban taɓa ganin sun yi daidai a karon farko ba. Asarar kuɗin ma ita ce ƙarama. Asusun wanda ya bar aiki da ba a rufe ba ƙofa ce a buɗe, kuma tun da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya a 2023, ƙungiya ce za ta amsa tambaya in bayanan mutane suka fita ta nan.

Ga kuma sayen bayan fage. Tun da katin banki kaɗai ake bukata, kowane shugaban sashe na iya yi wa mutanensa rajistar Zoom ko Dropbox ko Canva ba tare da ya tuntuɓi kowa ba. Lokacin kullen korona a 2020 abin ya yi ƙamari. Ban ga laifinsu ba, aiki ne ya matsa. Amma bayan an koma ofis sai aka tarar ana biyan manhaja uku masu aiki iri ɗaya, wata ma da imel ɗin kansa mutum ya buɗe ta, ya tafi da ita.

Shekarun baya-bayan nan masu manhaja sun ƙara ɗaure igiya. A 2022 Microsoft ya sauya tsarin saye ta hannun dillalai: in ka ɗauki alkawarin shekara, bayan 'yan kwanakin farko ba ka da ikon rage yawan lasisi sai shekara ta zagayo, in kuma ka zaɓi wata-wata ka biya ƙarin kashi 20 cikin ɗari. A Janairun 2023 Oracle ya koma lissafin kuɗin Java bisa yawan ma'aikatan ƙungiya duka, har da waɗanda ba su taɓa amfani da shi ba. A ƙarshen shekarar Broadcom ya kammala sayen VMware, nan da nan ya daina sayar da lasisin dindindin. Mu kuma ga namu nauyin: harajin VAT na kashi 7.5, bankunan da suka taƙaita ko suka dakatar da biyan dala da katin naira a 2022, sannan sakin naira a Yunin 2023. Dalar da ake lissafawa a kan kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Ko lasisi ɗaya ba mu ƙara ba, amma kasafin ya ninka sau uku.

Tun daga lokacin akawu ya fara kiran mai kula da lasisi zuwa zaman kasafi. Abin da nake kai musu ba ya wuce takarda ɗaya: kowace manhaja, wanda ke da alhakinta, mutum nawa aka biya wa, mutum nawa suka buɗe ta a wata ukun da suka wuce, da ranar da za ta sabunta kanta. Ranar nan ta ƙarshe nake ja wa layi, domin wata biyu kafin ta zo ne kaɗai ake da bakin yin ciniki ko neman wata mafita. Yanzu kuma ga Copilot, wanda Microsoft ya sa wa dala 30 kan kowane mutum a wata lokacin da ya fito da shi ga manyan ƙungiyoyi a Nuwamban 2023, kuma kowane darakta na so a saka masa. Amsata gare su ita ce a fara da mutum kaɗan, a duba amfanin bayan wata uku, sannan a yi maganar sauran.