Tarihin Kalmar "Turban" da Matsalar Fassara Ta da Rawani

Masu fassara sun saba sanya kalmar "turban" daidai da rawani, kamar dai su biyun tagwaye ne. Wannan takarda za ta nuna cewa daidaiton nan bai cika ba.

Asalin kalmar ba Ingilishi ba ne. Daga Farisanci ta fito, inda ake cewa "dulband", Turkawa suka mai da ita "tulbent", sa'an nan ta bi ta bakin Italiyawa da Faransawa ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16, lokacin da Daular Usmaniyya ke kan ganiyarta. Marubutan farko ba su daidaita kan rubutunta ba, wasu "turbant", wasu "tulipant". Daga wannan tushe ne kuma sunan furen "tulip" ya samu, saboda kamarsa da naɗin rawani.

Abin lura shi ne, Bature ya ari kalmar ne don ya kira abin da baƙo ke sanyawa. Saboda haka ya haɗa naɗin Baturke da na Balarabe da na mabiyin addinin Sik duk a suna ɗaya, ya ware "hat" da "cap" ga abin kansa. A Turkiyya ma labarin ya juya: Sarki Mahmud na Biyu ya maye gurbin rawanin ma'aikata da dara a 1829, Ataturk ya hana darar a 1925, kuma daga shekarun 1980 "türban" ta zama sunan lulluɓin mata, wanda aka yi ta taƙaddama a kansa a jami'o'i.

To, a ƙasar Hausa fa? Mai cewa "turban" ya shafe bambancin harsa da ɗan Kura, wanda ke ƙyalli da shuni, bai kuma san da amawali ba, balle kunnuwa biyu da ake gane jinin sarautar Kano da su. A wurinmu naɗi ɗaya ne, na rawani da na sarauta, watau kalmar na ɗauke da iko. Wannan ne ya sa Ingilishin Nijeriya ya ƙirƙiro "turbaning" don bikin naɗin sarauta, ma'anar da mutumin Ingila ba zai gane ba sai an yi masa bayani. A ganina ya fi kyau mai fassara tarihin masarautu ya bar sunayen nan da Hausarsu, ya bi su da ɗan sharhi.