Ƙarin albashi kashi 167 cikin 100: me yake saye?

A Oktoban 2024 Gwamna Umaru Bago na Neja ya amince da Naira 80,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi, daga 30,000 na dokar 2019. Ƙarin kusan kashi 167 cikin 100 ke nan, kuma lissafin ba ƙarya.

To amma a 2019 litar fetur Naira 145 ce, wato albashin na sayen lita 206. Ƙarshen 2024 lita ta haura Naira 1,000, sabon albashin ko lita 80 ba ya saye. Sannan wannan kaso na ma'aikacin matakin ƙasa ne kawai. In kana da ɗan'uwa daɗaɗɗen malamin makaranta a Dukku, ƙasar Kontagora, kar ka lissafa masa 167, nasa kason bai kai nan ba.