Kwamfuta na nauyi lokacin da wasa ke buɗewa: a duba ciwon kafin a sayi magani

Yau batun kwamfutar wasa za mu taɓa, irin wadda samari ke buga eFootball, FIFA ko GTA a kanta, a gida ko a ɗakunan wasa na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Matsalar sananniya ce: an latsa wasa, allo ya tsaya kan hoto ɗaya, linzami ya daina motsi, sauti na yankewa, wani lokaci minti biyar wasa bai buɗe ba. Ga mai ɗakin wasa wannan asara ce, don yaro ya biya kuɗin lokaci, rabin lokacin ya tafi wajen jira. Ga ɗan'uwa da ke ƙasar waje kuwa, sai a kira shi a ce kwamfutar da ya aiko ta lalace, a turo kuɗin katin hoto sabo. Sau da yawa katin hoton ba shi da laifi ko kaɗan. Abin da muke so ku riƙe ke nan: kwamfuta da kanta tana nuna inda ciwon yake, kuma dubawar kyauta ce.

Me ke faruwa lokacin da wasa ke buɗewa?

Mu kwatanta da aikin gida. Rumbun ajiyar kwamfuta, wanda masu gyara ke kira disk dir, shi ne rumbun hatsi. RAM ita ce tabarmar da ake zuba hatsin a kai kusa da turmi. Furosesa ita ce mai daka, katin hoto kuma shi ke zana abin da ido ke gani. Lokacin da wasa ke buɗewa, aikin da ake yi shi ne kwaso kaya daga rumbu zuwa tabarma: filin ƙwallo, fuskokin ƴan wasa, motoci, sauti. Idan ƙofar rumbu ƙarama ce, ko tabarma ta cika, ko mai daka ta galabaita da zafi, aiki zai tsaya ko da mai zane gwani ne. Shi ya sa sauya katin hoto ba ya cika rage jiran buɗewa. Aikinsa na fitowa ne bayan wasa ya fara.

Matakin farko: a buɗe allon bincike

Windows na da wani allo mai nuna aikin kowane sashe. A kwamfutocin da ke da Faransanci, irin waɗanda suka fi yawa a nan Nijar, sunansa Gestionnaire des tâches. A danna Ctrl, Maj da Échap lokaci ɗaya, sai a shiga Performances. Za a ga Processeur, Mémoire da Disque, kowane da lambarsa. A bar allon a buɗe, a kunna wasan, a koma a duba da Alt da Tab yayin da yake buɗewa. Sashen da ya manne a kashi 100 cikin 100, ko dab da haka, shi ne ke riƙe sauran. A rubuta abin da aka gani kafin a tafi wurin mai gyara.

Idan Disque ne ya cika

Wannan ya fi yawa a tsofaffin kwamfutoci. Rumbu iri biyu ne. Akwai HDD, mai faranti da ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti, da allura mai neman bayani a kansa. Yakan karanta mega 100 zuwa 160 a daƙiƙa idan fayil ɗin babba ne a wuri ɗaya, amma wasa dubban ƙananan fayiloli ne, sai allurar ta yi ta kai da kawo. Akwai kuma SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Na SATA yana kai mega 550 a daƙiƙa, na NVMe kuma daga 3500 har 7000, gwargwadon irinsa. Allon binciken nan yakan rubuta HDD ko SSD ƙarƙashin Disque, sai ku san wanda kuke da shi.

Masu ƙera wasanni ma sun koma can. PlayStation 5, da ta fito a 2020, da SSD ta zo, kuma wasan Starfield na 2023 ya sa SSD cikin sharuɗɗan kunna shi a kwamfuta. Idan akwai hali, a sa Windows da wasan da aka fi bugawa a SSD, a bar tsohon HDD don finafinai da hotuna. Idan babu hali tukuna, a rage kaya don kada rumbu ya cika maƙil, kuma a daina kunna wasa kai tsaye daga kile USB, don ya fi kowa jinkiri. Sannan a saurara da kunne: HDD mai ƙaras-ƙaras ko mai tsayawa yana sake tashi, alama ce ta ya kusa mutuwa. Manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana nuna lafiyarsa. Ta nuna ruwan ɗorawa ko ja, to a kwashe hotuna da takardu tun da wuri.

Idan Mémoire ce ta cika

Tabarma ta cika, sai Windows ya riƙa mayar da wani kaya rumbu yana sake ɗaukowa. A nan ne kwamfuta gaba ɗaya ke daskarewa, har linzami. Kuma za ku ga Disque ma ya hau, alhali tushen matsalar RAM ce, don haka a duba lambobin biyu tare. Giga 4 ba ta isa wasannin yanzu. EA Sports FC 24, magajin FIFA da ya fito a 2023, giga 8 yake nema a matsayin mafi ƙaranci, Windows kuma na cin nasa rabon daga ciki. Giga 16 ta fi kwanciyar hankali. Kafin a saya, a rufe Chrome da shafukan YouTube da Facebook da aka bari a buɗe, a shiga Démarrage a cikin allon binciken, a kashe manhajojin da ke tashi da kansu ba a kira su ba. Sau da yawa wannan kaɗai yana kawo sauƙi.

Idan wani ne ke aiki a ɓoye

A shiga Processus, a danna kan Disque ko Processeur don a jera masu cin ƙarfi daga sama. Waɗanda aka fi kamawa su ne Windows Update, Steam ko Epic Games suna sauko da sabuntawa, da maganin ƙwayar cuta yana binciken fayiloli daidai lokacin da wasa ke karanta su. A bar su su gama, ko a sa musu lokacin da ba a wasa. Mai amfani da intanet ɗin wayar salula ya kunna Connexion limitée a saitin Wi-Fi, zai rage wa Windows saukar da kaya, ya kuma tsare masa kuɗin intanet. Maganin ƙwayar cuta kuwa ɗaya ya isa, biyu faɗa suke yi da juna. Kada dai a kashe shi gaba ɗaya don wasa ya yi sauri.

Akwai kuma wasannin da aka fasa, waɗanda ake kwafa hannu zuwa hannu. Wasu na zuwa da ɓoyayyar manhaja mai haƙar kuɗin intanet wa wani can, da wutarku da furosesarku. Alamarta: ba a buɗe komai ba, amma fanka na ihu, Processeur na sama. A yi cikakken bincike da Sécurité Windows, in ta ƙi fita a sake zuba Windows.

Zafi da ƙura

Wannan namu ne, mu mutanen Sahel. A watannin Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a garuruwanmu, hunturu kuma na cika komai da ƙura. Furosesa idan ta kai wajen digiri 90 zuwa 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ana gane wannan da cewa da safe wasa na buɗewa lafiya, da rana ko bayan awa ɗaya ana bugawa sai nauyi ya zo. Manhajar HWMonitor na nuna zafin. Maganin: a kashe kwamfuta, a zare waya daga bango, a hure ƙurar da abin hura iska ko buroshi mai laushi, a riƙe fanka da yatsa don kada ta juya da ƙarfi. Banda ruwa. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a janye shi daga jikin bango. Kwamfutar hannu kada a ɗora ta kan katifa ko darduma, ramukan iskarta a ƙasa suke. Idan ta yi shekaru ba a buɗe ta ba, mai gyara ya sauya man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta.

Batun kuran ma na ciki. Kwamfutar hannu na rage ƙarfinta idan tana kan batir, don haka a jona caja lokacin wasa. Ɗaukewar kuran ana tsakar sabuntawa kuma na lalata fayilolin wasa. Mai Steam ya shiga bayanan wasan ya sa a binciki fayilolinsa, abin da ya lalace kaɗai za a sake saukowa.

Wani jiran ba laifin kwamfuta ba ne

Ranar farko da aka zuba wasa, ko bayan an sabunta manhajar katin hoto, wasanni da yawa na ɗaukar lokaci suna shirya lissafin haske da inuwa. Furosesa za ta hau sosai, a yi haƙuri, gobe ba zai daɗe haka ba. Wasan da ake bugawa ta intanet kuma yana jiran layi ne, SSD ba ya gyara raunin rezo. Wani lokaci ma kuskuren daga kamfanin yake. GTA Online ya yi shekaru yana sa mutane jiran mintuna, har a 2021 wani masanin manhaja mai laƙabin t0st ya gano wasan na ɓata lokaci wajen karanta fayil ɗaya mai mega 10. Gyaransa ya rage jiran da kusan kashi 70 cikin 100, kamfanin Rockstar ya amince, ya sa gyaran a wasan, ya ba shi dala 10,000.

Ga ƴan'uwa masu aiko da kaya

Kafin ku sayi komai, ku sa a ɗauko muku hoton allon Performances lokacin da wasa ke buɗewa, da hoton sunan kwamfutar. RAM iri-iri ce: DDR3, DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna, kuma ta kwamfutar hannu ta fi ta tebur gajarta. SSD na NVMe sai kwamfutar da ke da ramin M.2 mai karɓarsa, tsofaffi na SATA suke ɗauka. Ku guji SSD marar suna mai arhar banza, akwai na jabu da ke nuna girman da ba su da shi. Masu aikowa daga Amurka ku tuna wutar can 120 ce, tamu 220. Wasu tsofaffin kwamfutocin tebur na da ɗan jan maɓalli a baya, a mayar da shi kan 230 kafin a jona.

Mai tambaya kan wannan batu ya aiko mana da ita ta hanyoyin da kuka saba, tare da lambobin da ya gani a Processeur, Mémoire da Disque.